Jar Alama a Cikin Bonet

'Yan uwana masu karatu, yau labarin mota zan ba ku. Na san wata za ta ce, Malama, mu fa soyayya muka zo ji, ina ruwanmu da baƙin mai? Ku yi haƙuri da ni. A wurina abubuwan biyu sun cakuɗe har na rasa inda zan kama in raba su.

Ga wadda yau ta fara karantawa: ni malamar aji huɗu ce a wata firamare, shekarata ashirin da bakwai, kuma ni ce auta a gidanmu. Babanmu ya rasu shekara biyar da suka wuce. Direba ne, ya yi shekara talatin yana jan motar ofis, kuma kafin ya bar ni in taɓa sitiyari sai da ya koya mini abu uku: duba ruwa, duba baƙin mai, da sauraron inji kafin a kunna rediyo. Motata ƙarama ce, fara. Sabuwa na saye ta da gumina a wani kamfanin dillancin motoci, garantinta na shekara uku kuma zai ƙare a ƙarshen watan nan.

Shi kuma mutumin da ke nemana, a gidanmu Injiniya ake ce masa. Ba injiniya ba ne. Shi ke karɓar motoci a sashen sabis na kamfanin. Yana zaune bayan kanta da farar riga mai tambari a aljihu, ya rubuta abin da za a yi wa mota, in an gama ya sa hannu ya buga hatimi a littafin sabis. Umma ce ta laƙaba masa sunan ranar da ya fara zuwa gaishe ta, shi kuma bai taɓa gyara mata ba. Tun ranar na lura, na ajiye a raina.

Zan yi masa adalci. Wata takwas yana zuwa, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Yana tuna ranar da Umma ke komawa asibiti. Yana tambayata yaran ajina, har da wadda ba ta son haddar sau bakwai. Idan ya yi dariya, idonsa na hagu yakan ƙanƙance, ni kuma, Allah na gani, ina son hakan.

To amma gida ya yi zafi. Umma ta riga ta gaya wa mahaifiyarsa cewa ranar Asabar za su ji amsata. Ba ta tambaye ni ba sai bayan ta ajiye waya.

"Auta, me kike jira? Ko sai ya zo da fuka-fuki?"

"Umma, ina tunani ne."

"Wata takwas? Ɗan mutum ma wata tara yake yi ya fito."

Yayana kuwa, wanda ke zuwa duk ƙarshen mako da matarsa da yara, ya fi Umma rawar kai. Shi ma a kamfanin ya sayi motarsa, kuma bara Injiniya ya sa shi ya shiga abin da suke kira tsarin kulawa na ƙarin shekara uku: ka biya tun yanzu, su riƙa yi maka sabis su canza abin da ya lalace, da sharaɗin kada wani makaniki na waje ya taɓa motar. Tun daga lokacin Yaya bai sake buɗe bonet ba. "Ni yanzu barci nake da munshari," in ji shi. "Hatimi kawai nake dubawa."

Ni ma an kawo mini tawa takardar a cikin shuɗin fayil. Tana kan firij, Umma ta danne ta da gwangwanin madara don kada in ce ta ɓata. Ranar Asabar ake so in sa hannu, ranar Asabar ake so in amsa. Biyun sun zama ɗaya a bakin kowa.

Abin da ya hana ni sakin jiki ƙarami ne. Wata shida da suka wuce, washegarin sabis, na zaro sandar duba baƙin mai kamar yadda Baba ya koya mini, na goga a farin tsumma. Baƙi wuluk. Sabon mai kuwa kamar zuma yake, ko yaro ya sani. Da na tambayi Injiniya sai ya yi dariyar nan tasa ya ce, "Injin zamani ne, Malama, da wuri yake rine mai." Na gyaɗa kai. Amma ni na yi shekara shida ina duba littattafan yara, na san yadda amsar da aka haddace take fita daga baki.

Saboda haka ranar Litinin da la'asar, ana gobe zan kai motar sabis ɗin ƙarshe na garanti, na ɗauko jar makar da nake rubuta sunayen yara a jikin kwali, wadda ba ta gogewa. Na ɗaure gyalena a ƙugu, na buɗe bonet. Filtar mai tana gefen inji, hannu yana kai mata. Na zana mata alamar da nake yi wa yaro idan ya ci amsa, 'yar ƙarama, ta ɓangaren da ba a gani sai an leƙa. Na kusa rufewa sai na tsaya. Ni ba na ba yaro maki a shafi ɗaya in rufe littafi, sai na juya shafi na gaba. Na ɓalle maƙallan akwatin filtar iska, na ɗaga ta, na yi mata irin alamar a ƙasa, na ƙara da kwanan wata, na mayar.

Na ji kunyar kaina, ba zan ɓoye muku ba. Mutum yana neman aurenki, ke kina ɗana masa tarko da makar aji.

Talata da safe na sa doguwar riga mai ruwan toka da farin gyale, na isa kamfanin ƙarfe takwas. Ɗakin jiran nan nasu kamar otal: kujeru masu laushi, sanyi har ƙashi, talabijin ba murya. Tsakaninmu da garejin akwai bangon gilashi, amma an lulluɓe shi da hoton wata mota a bakin teku, a ƙofar kuma an rubuta cewa ma'aikata kaɗai ke shiga. Injiniya ya fito da kansa ya karɓi makulli, ya kawo mini shayi a kofin takarda.

"Yau da kaina zan tsaya a kanta. Motar Malama ai ba a bar wa kowa."

"Zan iya leƙawa?"

"Dokar kamfani ce. Ko ni ba don riga ba, da sun kore ni."

Na zauna da littattafan rubutun yara talatin da biyu a cinyata. Ina kan na goma sha tara wayata ta yi motsi, saƙon Injiniya ne.

"An juye tsohon mai. Amarya tana shan sabo."

Na rubuta: "Sannunku da aiki."

"Kin karanta shuɗin fayil?"

"Ina karantawa."

"Ni da fayil duk muna layi a ƙofarki."

Na yi murmushi ban shirya ba. Kun ga irin abin da nake fama da shi.

Minti hamsin aka fito da ita tana ƙyalli, tayoyi sun sha baƙin shafi, an shimfiɗa takarda a wurin ƙafa, cikinta na ƙamshin lemo. A littafin sabis an cika akwatuna uku: baƙin mai, filtar mai, filtar iska. Ga sa hannunsa mai doguwar jela, ga hatimi a kai.

Ban buɗe bonet a makaranta ba. Na daure har aka tashi, na koma gida, na bar injin ya huce. Sannan na leƙa.

Alamata na nan daram a jikin filtar mai, ja, tana kallona.

Ban yi kuka ba. Na zaro sandar mai, baƙi. Na ɗaga filtar iska, ga kwanan watan da rubutun hannuna. Ina mayar da ita Umma ta fito da kwandon shanya.

"Innalillahi! Auta, wane irin hannu ne wannan? Malama ce ke ko makaniki?"

Na gaya mata. Na nuna mata alamar da ke jikin filtar mai, na ce an rubuta an canza, ba a canza ba. Ina shirin ci gaba ta katse ni.

"To shi ne ke kwance-kwancen? Ba ma'aikata ba ne a ciki? Ke duk yaron da ya ƙi yin aikin gida, ke ce kika ƙi yi?"

"Umma, cewa ya yi da kansa zai tsaya."

"Mutum bai isa ya juya baya ya amsa waya ba? Ke dai halin Babanku kika kwaso, komai sai kin shinshina."

"Don Allah kada ki gaya wa kowa. Ni zan tambaye shi ranar Asabar."

"Ni? Wa zan gaya wa?" Ta ɗauki kwandonta ta yi gaba tana mita.

Laraba da Alhamis na bar motar a gida, na hau motar haya. Mai ya yi shekara a cikin inji, watakila ma fiye, zuciyata ba ta ba ni in tuƙa ta ba. Saƙonninsa suna shigowa kamar kullum. Da safe, "Malama ta tashi lafiya?" Da rana, hoton abincin da yake ci a ofis. Na riƙa amsawa da kalma biyu biyu. Ina so in yarda da Umma. Na yi ta jera masa uzuri kamar yadda nake yi wa yaro mai ƙoƙari in ya faɗi gwaji: watakila an kira shi, watakila ma'aikaci ya yi masa ƙarya, watakila shi ma cutarsa aka yi.

Alhamis da yamma na dawo na tuna laimata tana cikin motar. Na buɗe na zauna. Ƙafata ba ta kai birki ba.

Ni gajera ce, kujerata kullum a matse take da sitiyari har Yaya yana tsokanata. Yanzu an ja ta baya, an yi ƙoƙarin mayarwa, an bar ta a tsakiya. Madubin ciki yana nuna mini rufi. Na duba ƙusar da muke rataye makullin ajiya a bayan ƙofar falo: yana nan, amma a ƙusa ta biyu, ba ta farko ba.

"Umma, wani ya fita da motata?"

Ba ta ɗago daga ɗinkin da take yi ba. "Motar da ke ajiye kwana biyu? Aljanu?"

Na koma na buɗe bonet. Filtar mai sabuwa fil, ko ƙura babu. Na zaro sanda: zuma. Sannan na kai hannu kan akwatin filtar iska, na taɓa maƙallan, na ɗaga kaɗan, na leƙa, na rufe.

A daren ban ci abinci da yawa ba, Umma ma haka. Kowa ya riƙe abin da ya sani.

Asabar ta zo. Umma ta sa aka goge falo, ta fito da kofunan gilashi masu zinariya a baki waɗanda ba a taɓawa sai da baƙo. Ta zaɓar mini shuɗiyar riga mai aiki a wuya, ta ce ta fi yi mini kyau. Na sa, na kalli madubi na ga launinmu ɗaya da fayil. Yaya ya iso tun hantsi da iyalinsa da jakunkuna a bayan mota, domin daga gidanmu za su wuce garin surukansa, tafiyar awa biyar ta hanya mai hawa da gangara. Injiniya ya zo ƙarfe sha ɗaya da kwalin biskit da sabon aski.

Aka gaisa, aka sha lemo. Yaya ya sauko da fayil daga kan firij ya ɗora a gabana, ya zaro bironsa.

"Auta, sa hannu mu kama hanya. Sauran maganar kuma ke da Umma."

Ni ina da doka a aji. Idan na kama yaro da laifi, ba na nuna masa shaida sai na tambaye shi sau uku a hankali. Wanda ya faɗi gaskiya ko a ta ukun ce, ba na hukunta shi. Yara sun san haka, yawancinsu a ta biyu suke faɗi.

Na juya na kalli Injiniya. "Kafin in sa hannu, ranar Talata an yi wa motata duk abin da aka rubuta?"

"Duka, Malama."

"Ka tabbata? Mutum yakan juya baya, wani ya yi abin da ya ga dama. Ba zan ga laifinka ba."

Umma ta yi tari. Yaya ya ce, "Kai, kotu aka buɗe?"

Injiniya ya yi murmushi, amma idonsa na hagu bai ƙanƙance ba. "Na tabbata."

Wallahi a zuciyata roƙonsa nake. "Ta ƙarshe. Da idonka ka gani?"

Ya ɗan kalli Umma, sannan ya dawo kaina. "Da idona. Ina tsaye aka canza komai. Mu je ki duba in kina so."

Muka fita tsakar gida gaba ɗaya, har matar Yaya da jariri a kafaɗa. Shi da kansa ya buɗe bonet, ya nuna filtar mai da yatsa, ya zaro sanda ya goga a farin hankicinsa ya ɗaga wa kowa. Yaya ya fashe da dariya.

"To, Alƙaliya, a sallami wanda ake tuhuma? Allah ya jiƙan Baba, ya bar mana gado."

Na naɗe hannun shuɗiyar rigata, na ɓalle maƙallan nan ɗaya bayan ɗaya, na zaro filtar iska. Ƙura ta zubo a kan takalmin Injiniya. Na juya ta. Ga jar alama, ga kwanan watan Litinin.

"Wannan ma an rubuta an canza ta," na ce. "Umma ba ta san da ita ba, shi ya sa ba ka sani ba."

Umma ta kai gefen mayafinta baki.

"Auta," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "ni cewa kawai na yi ya je ya duba ko ma'aikatansa sun yi kuskure. Ya ce zai gyara, kada a ɗaga miki hankali. Ni gyara nake nufi."

"Na sani, Umma."

Na san ɗin kuwa. Ban ji haushinta ba. Ta ga 'yarta na shirin sakin mutumin kirki a kan gwangwanin ƙarfe, ta yi abin da take ganin taimako ne. Ba ta san za a tsaya a falonta a ce da ido aka gani ba.

Injiniya yana riƙe da hankicin har yanzu. "Malama, ba ni minti biyar, mu biyu."

"Na ba ka dama sau uku."

Na shiga falo na ɗauko shuɗin fayil na miƙa masa da hannu biyu, kamar yadda ya kawo shi. Ga Umma kuma na ce, "Ki gaya wa mahaifiyarsa ban amince ba. Ki ce daga gare ni ne, kada ki ɗora wa kanki."

Ya karɓa. Ya durƙusa ya yi wa Umma sallama. Ya fita, ƙurar na kan takalminsa.

Yaya ya biyo ni har ƙofar ɗakina yana faɗa. Wai a kan filta ɗaya zan kori miji, wai kowane wurin aiki akwai 'yan gyare-gyare, wai shi shekara guda yana cikin tsarin ko tari motarsa ba ta yi ba, watan jiya ma suka sa masa sabon birki kyauta. Na bar shi ya gama. Ya buga tsaki ya ce wa matarsa ta kwaso yara.

Na rufe ƙofa na zauna a bakin gado da rigar da Umma ta zaɓa, hannuna duk ƙura. A nan ne hawayen suka zo, ba da yawa ba. Ta taga ina jin ana rufe ƙofofin mota, yara suna gardamar wanda zai zauna kusa da gilashi.

Wayata ta yi motsi. Shi ne. Na kife ta. Ta sake yi. Na ɗauka don in kashe ta, sai idona ya faɗa kan saƙon.

"Kin yi gaskiya, ƙarya na yi. Ban gani ba, ba na gani. Manaja ke turo takarda in buga hatimi, wanda ya yi tambaya a sallame shi. Ba don ki yafe mini nake rubutowa ba."

Na biyun hoto ne: wata takardar aiki ta cikin gareji, da lambar motar Yaya a sama. A gaban birki an ja layi da fensir, an rubuta kalma ɗaya: wanki. A ƙasa ya ƙara:

"Ba a canza masa ba. Kada ki bari ya hau hanyar nan."

Ku gaya mini, masu karatu, mutumin da ya kalli idona ya yi ƙarya sau uku awa ɗaya da ta wuce, yaya zan auna wannan? Gaskiyarsa ta farko ce, ko sabuwar hanyar dawowa falonmu? Ban sani ba. Ban kuma tsaya nema ba, domin a lokacin na ji Yaya ya tayar da inji, matarsa na ce wa Umma sai sun dawo.

Ban ko nemi takalmi ba. Na fita a guje, na wuce Umma a bakin falo, na je na tsaya a tsakiyar ƙofar gida, na buɗe hannuwana biyu.

Yaya ya leƙo ta taga. "Auta, kin haukace ne? Matsa!"

"Kashe motar, Yaya," na ce. "Ɗauko jak ka ɗaga ta, ka cire mini tayar gaba."